Maƙwabtaka da Masu Tsallaka Iyaka: Nijeriya, Kamaru da Hausawan Fatakwal, Anacha da Inugu

1.0 Gabatarwa

A ranar 5 ga Janairu 2018 jami'an tsaron Nijeriya suka shiga otal ɗin Nera da ke Abuja, suka kama Sisiku Julius Ayuk Tabe tare da wasu abokan tafiyarsa. Shi wannan mutumi ɗan Kamaru ne, ya taɓa aiki a Jami'ar Amurka da ke Yola, kuma shi ne shugaban masu neman ɓalle yankin Kamaru mai amfani da Ingilishi, wanda suka raɗa wa suna Ambazoniya. Kafin watan ya ƙare, sai gwamnatin Kamaru ta ba da sanarwar cewa mutum 47 da aka kama a Nijeriya suna hannunta a Yawunde. Kamaru ta ce 'yan ta'adda ne. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce akasarinsu masu neman mafaka ne, bai kamata a mayar da su ba. Bayan shekara guda wata kotu a Abuja ta ce an taka doka.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai sayar da albasa a Anacha, ko ɗan canji a Inugu, ko mahauci a Fatakwal da wannan magana ta manya? Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa da ruwansu. Za a fara da bayanin kalmomin da ake amfani da su a wannan fage, sannan dokokin da suka shafe shi. Daga nan za a dubi tarihin abin da ya shiga tsakanin Nijeriya da maƙwabtanta, musamman Kamaru, a kan 'yan tawaye da waɗanda suka tsere, sai kuma yadda abin yake taɓa Hausawa mazauna waɗannan garuruwa uku.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Ɗalibin harshe ya san cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana ɗauke da nauyin da masu harshen suka ɗora mata. A sha'anin iyaka kuwa, sunan da hukuma ta kira mutum da shi ne yakan yanke masa hukunci tun kafin ya ga alƙali.

Ɗan gudun hijira shi ne wanda ya bar ƙasarsa saboda tsoron halaka ko zalunci. Kalmar hijira tana da daraja a kunnen Bahaushe, domin tana tuna masa da Hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina, da kuma ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Saboda haka da zarar an ce ɗan gudun hijira, zuciya ta riga ta karkata ga tausayi.

Ɗan tawaye shi ne wanda ya ƙi biyayya ga shugabancin da yake ƙarƙashinsa, ya ɗauki makami. Wannan kalma tana ɗauke da zargi. Da ita ake ba da labarin Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Ɗan aware kuma daga aikatau ware aka samo shi, wato mai cewa a raba ƙasa, ko da makami ko da baki kawai. Kowane ɗan aware mai bindiga ɗan tawaye ne, amma akwai 'yan aware da ba su taɓa riƙe ko gora ba.

Sai mai laifin da ya tsere, kamar ɗan fashi ko mai kisan kai da ya haura iyaka don ya kuɓuce wa shari'a. Shi babu wata ƙasa da doka ta ɗora wa nauyin ɓoye shi.

Haka nan akwai bambanci wajen mayar da mutum. Miƙawa ita ce ƙasa ta nemi mutum a rubuce, kotun ƙasar da yake ciki ta saurare shi, sannan a ba da shi. Tasa ƙeya ita ce korar baƙo da umarnin hukuma. Sacewa kuwa ita ce a ɗauke mutum a asirce ba tare da kotu ta sani ba. Misalin yadda suna ke aiki shi ne abin da ya faru da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno. A Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta kira shi baƙo ɗan Cadi, aka tasa ƙeyarsa zuwa can. Sai da kotu ta tabbatar cewa ɗan Nijeriya ne.

3.0 Abin da Doka ta Tanada

Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta hana a mayar da ɗan gudun hijira inda rayuwarsa ko 'yancinsa za su shiga haɗari. Ƙasashen Afirka sun yi tasu yarjejeniyar a Addis Ababa a watan Satumba 1969, ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a daidai lokacin da ake yaƙin basasar Nijeriya. Ita wannan ta zo da sharuɗɗa da suka nuna cewa waɗanda suka rubuta ta sun san halin maƙwabtaka. Na farko, ba wa mutum mafaka aikin jinƙai ne, kada ƙasar da ya baro ta ɗauke shi a matsayin gaba. Na biyu, a zaunar da 'yan gudun hijira nesa kaɗan da iyakar ƙasarsu. Na uku, ƙasar da ta karɓe su ta hana su kai wa ƙasarsu hari, ko da makami, ko ta jarida da rediyo.

A ɓangaren masu laifi, Nijeriya tana da dokar miƙa masu laifi tun 1966, wadda ta ce sai an bi ta kotu, kuma ba a miƙa wanda laifinsa na siyasa ne. Akwai yarjejeniyar 1984 tsakanin Nijeriya da Benin da Togo da Gana, da kuma ta ƙungiyar ECOWAS ta 1994. Sai dai Kamaru ba ta cikin ECOWAS, tana cikin rukunin ƙasashen Afirka ta Tsakiya ne.

A nan ne gizo yake saƙa. Mutum ɗaya yana iya zama ɗan gudun hijira a takardar da ke aljihunsa, alhali da dare yana aika wa mayaƙa umarni ta wayar salula. Ƙasarsa za ta ce maƙwabciyarta ta karya sharaɗi na uku, lauyansa kuma ya ce mayar da shi karya na farko ne. Yawancin tsamin dangantaka tsakanin maƙwabta daga wannan mahaɗa yake tasowa.

4.0 Hausawa a Fatakwal, Anacha da Inugu

Zaman Hausawa a Gabashin Nijeriya ya girmi ƙasar kanta. Maharban giwa da fatake masu dawaki da kanwa sun riga jirgin ƙasa isa can, kuma har yanzu ana ambaton Ibagwa kusa da Nsukka da Elele kusa da Fatakwal a cikin tsofaffin matsugunansu. Anacha tana bakin Kogin Kwara, don haka Hausawa da Nufawa sun daɗe suna sauka a cikinta ta ruwa. Da aka gano kwal a Inugu a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal a 1916, sannan aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai shanu da wake da albasa suka samu hanyar gangarowa kai tsaye daga Arewa.

A Inugu ana samun Hausawa a wajejen titin Owerri da ke Asata, inda 'yan canji suke, da kuma Gariki. A Anacha akwai su a kewayen masallacin titin Bida da kasuwannin bakin gada. A Fatakwal akwai su a Diobu, da garin Oyigbo da ke kan hanyar Aba. Kowace unguwa tana da Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin sana'o'i. Zaman ya taɓa yin daɗin da a shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu na farko a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. A bakin mutumin Gabas, kalmar Hausa ba ta tsaya ga Bakano ko Bakatsine ba. Ta haɗa da Bafulatani da Babarbare da Banufe, har da ɗan Nijar da ɗan Cadi da ɗan arewacin Kamaru, muddin da Hausa suke ciniki. Wato unguwar Hausawa wuri ne da 'yan ƙasa da baƙin ƙetare suke cuɗe da juna a ƙarƙashin suna ɗaya. Wannan yana da amfani a ranar ciniki, yana kuma da haɗari a ranar tashin hankali.

5.0 Daga Inugu Zuwa Buea

Iyakar Nijeriya da Kamaru ta kusa kilomita 2,000, daga Tafkin Cadi zuwa teku. Bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Ingila ta haɗa nata rabon da Nijeriya. Kudancin wannan rabo ya kasance a ƙarƙashin Jihar Gabas, wakilansa suna zama a majalisa a Inugu. A 1953 rikici ya ɓarke a majalisar, wakilan Kamaru suka janye jikinsu, a 1954 aka ba su gwamnatinsu a Buea ƙarƙashin Dokta Endeley.

A ranar 11 ga Fabrairu 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Arewacin yankin ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna. Kudanci ya zaɓi Kamaru, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa shi ne tsoron rinjayen Ibo a kasuwanni da ofisoshi. An haɗu ne a kan tsarin tarayya, amma a 1972 Shugaba Ahmadu Ahijo ya soke tarayyar. Tun daga lokacin masu amfani da Ingilishi suke kukan cewa an mayar da su saniyar ware.

Hausawa ma suna cikin wannan tarihi. Fataken goro da shanu sun kafa unguwa a Bamenda tun zamanin Turawa, kuma sunan Abakwa da ake yi wa garin kirari da shi ana danganta shi da wannan unguwa tasu, kamar yadda ake samun Abakpa a Ogoja da Abakaliki da Inugu.

6.0 Yaƙin Basasa da Matsayin Maƙwabta

A 1966 aka yi kashe-kashen da suka ci dubban Ibo a Arewa, aka kuma kashe 'yan Arewa a garuruwan Gabas. Masu tarihi suna ambaton wani labari da gidan rediyon Kwatano ya watsa a watan Satumba, aka maimaita shi a Kaduna, cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, a matsayin ɗaya daga cikin abubuwan da suka rura wutar. Daga baya Laftanar Kanar Ojukwu ya ce ba zai iya lamunce tsaron waɗanda ba 'yan Gabas ba, su fita. Unguwannin Hausawa suka zama kufai.

A ranar 30 ga Mayu 1967 aka ayyana Biyafara a Inugu. Sojojin tarayya suka kama Inugu a Oktoban 1967, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayun 1968. A nan matsayin maƙwabta ya zama abin dubawa. Ahijo, mutumin Garwa, ya tsaya tare da Janar Gowon, ya hana a yi amfani da ƙasarsa wajen shigar wa Biyafara da makamai, duk da cewa Faransa tana tausaya wa Ojukwu. Ba don Allah kaɗai ya yi ba. Yana da nasa masu ƙorafin a Buea da Bamenda, ya kuma san cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Dahomey, wato Benin ta yau, ta bar jiragen agaji na Red Cross suna tashi daga Kwatano a 1969, abin da bai yi wa Legas daɗi ba. Ƙasashen Afirka huɗu, Tanzaniya da Gabon da Kwaddebuwa da Zambiya, suka amince da Biyafara a 1968, dangantakarsu da Nijeriya ta lalace.

A Janairun 1970 Ojukwu ya tashi daga filin jirgin Uli, Shugaba Houphouet-Boigny ya ba shi mafaka a Kwaddebuwa. Ya zauna can shekara 12, sai a 1982 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa ya dawo. Darasin da hukumomin Nijeriya suka ɗauka daga wannan yaƙi shi ne cewa Kamaru ta rufe musu ƙofar baya a ranar da suke da buƙata. Rikicin Bakassi ya zo ya gurɓata zumuncin, har sojoji suka yi arangama a shekarun 1990, Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a ranar 10 ga Oktoba 2002, aka kammala miƙa shi a watan Agusta 2008. Amma wancan darasi bai goge ba.

7.0 Rikicin Ambazoniya

A ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta na yankin Ingilishi suka shiga yajin aiki, suna ƙorafin ana turo musu alƙalai da malamai masu Faransanci. Ɗalibin harshe zai lura cewa a kan harshen kotu da harshen aji wutar ta fara. Gwamnatin Paul Biya ta amsa da kame da rufe intanet. A ranar 1 ga Oktoba 2017 aka ayyana Ambazoniya, abin ya koma yaƙi. Mutane suka kwararo Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom, aka kafa musu matsugunai irin su Adagom a Ogoja. Zuwa 2022 waɗanda aka yi wa rajista sun haura 70,000.

Kamaru ta yi zargin cewa mayaƙa suna fakewa a cikin waɗannan jama'a, suna sayen makamai a Nijeriya. A ƙarshen 2017 da farkon 2018 mutanen Danare a ƙaramar hukumar Boki suka koka cewa sojojin Kamaru suna tsallakowa neman 'yan tawaye, ita kuwa Kamaru ta musanta. Shiga ƙasar wani da bindiga ba da izininsa ba babban abu ne a hulɗar jakadanci. Ana cikin wannan ja-in-ja ne aka yi kamen otal ɗin Nera.

Me ya sa Nijeriya ta ba da su? Ana iya kawo dalilai biyu. Na ɗaya, tana buƙatar Kamaru a yaƙin Boko Haram a tsaunukan Mandara da Tafkin Cadi, inda ita ce a da take zargin cewa 'yan ƙungiyar suna samun maɓoya a ƙetaren iyaka. Na biyu, 'yan watanni kafin nan, a Satumban 2017, ta haramta ƙungiyar IPOB mai neman Biyafara. Wanda yake korar ɗan aware a gidansa ba zai so a ce yana shimfiɗa wa na maƙwabci tabarma ba.

Sai dai ba a bi ta kotu ba. A ranar 1 ga Maris 2019 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce tsarewar da mayarwar sun saɓa wa doka, ta ba da umarnin a dawo da su, a biya su diyya. Ba a dawo da su ba. A watan Agusta na wannan shekara kotun soja a Yawunde ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai.

Kamen bai kashe wutar ba. Ƙungiyar ta dare gida-gida, mayaƙan daji suka rasa mai tsawata musu. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. A Afrilun 2021 Nnamdi Kanu na IPOB da Ayaba Cho Lucas, shugaban wani ɓangare na 'yan Ambazoniya, suka ba da sanarwar ƙawance. A Nuwamban 2021 aka kai hari garin Manga a ƙaramar hukumar Takum ta Jihar Taraba, aka kashe mutane har da mai garin, aka ɗora alhakin a kan mayaƙan Ambazoniya.

8.0 Idan Nijeriya Ce Mai Nema

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita ma Nijeriya ta sha zama mai nema. A Agustan 2003 Shugaba Obasanjo ya rufe iyaka da Benin a kan 'yan fashin motoci masu tsallakawa, kuma ba a daɗe ba aka miƙa mata Hamani Tijjani, wanda ake zargi da jagorancinsu. Wannan mai laifi ne da ya tsere, don haka ba a yi dogon musu ba. Amma a Yulin 2021, da aka kama Sunday Igboho mai fafutukar ƙasar Yarabawa a filin jirgin Kwatano, Benin ta tsare shi a wajenta, ba ta miƙa shi ba, daga baya ta sake shi.

Shi kuwa Nnamdi Kanu, wanda ya tsere daga Umuahia a Satumban 2017, an ɗauko shi daga Kenya a Yunin 2021. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a Oktoban 2022 yadda aka kawo shi ya saɓa wa doka, ta sallame shi. Kotun Ƙoli ta yarda cewa an yi ba daidai ba, amma a Disamban 2023 ta ce a ci gaba da shari'a. A Nuwamban 2025 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Idan aka kwatanta da Simon Ekpa, wanda ƙasar Finland ta kama a 2024, ta yi masa shari'a a kotunta, ta ɗaure shi shekara shida a 2025, za a ga cewa akwai hanyar hukunta mai tunzura jama'a daga waje ba tare da an bar wa magoya bayansa hujjar cewa sace shi aka yi ba.

9.0 Yadda Abin Yake Taɓa Unguwannin Hausawa

Hanya ta farko ita ce ta kasuwa. Babbar kasuwar Anacha ita ke ciyar da Bamenda da Kumba da kayan masarufi, ta titin da ya bi ta Inugu da Abakaliki da Ikom ya tsallaka a Mfum. An kashe kuɗi mai yawa a kan wannan titi, aka buɗe sabuwar gada a kan iyaka a 2022, amma yaƙi ya sa direba yana biyan soja, yana biyan ɗan tawaye. Idan 'yan kasuwar Kamaru suka rage zuwa, ɗan canjin da ke musanya sefa da naira ya rasa ciniki, haka ɗan dako da mai shayi da mai gyaran takalmi da ke zaune a bakin tasha.

Hanya ta biyu ita ce ta ranar Litinin. Tun farkon 2017 'yan aware na Kamaru suka sa dokar zaman gida duk Litinin. Bayan an kawo Kanu daga Kenya, IPOB ta sa irin wannan doka daga 9 ga Agusta 2021. Ƙungiyar ta ce ta janye, amma 'yan bindiga suka ci gaba da tilasta ta shekara da shekaru a Anacha da Inugu da kewaye. Kowa ya yi asara, Ibo ne ma suka fi yi. Amma wanda ya loda tumatir daga Kano, motarsa ta iso bakin gada daren Lahadi, asararsa ta kwana ɗaya takan cinye uwar kuɗi. A tsakiyar 2021 ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta dakatar da kai kaya Kudu na ɗan lokaci saboda hare-haren da aka kai wa mutanenta.

Hanya ta uku, wadda ta fi muni, ita ce ta ramuwar gayya. Baƙon da ake ganewa da tufafinsa da harshensa shi ne mafi kusa da hannun mai fushi. A Fabrairun 2006, bayan kashe-kashen Maiduguri, aka far wa 'yan Arewa a Anacha, waɗanda suka tsira suka fake a barikin soja ko suka tsallaka gada zuwa Asaba. A Satumban 2017, lokacin da sojoji suka shiga Umuahia, rikici ya tashi a Oyigbo, har gwamnonin Arewa suka aika tawaga Fatakwal da Umuahia don kwantar da hankali. A Oktoban 2020 Oyigbo ta sake kamawa, aka ƙona ofisoshin 'yan sanda, aka taɓa Hausawa, sojoji suka shiga, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka zarge su da kashe mazauna garin. Adalci ne a tuna cewa ɗan kasuwar Ibo a Sabon Garin Kano yana cikin irin wannan hali, kamar yadda aka gani a Yunin 2017 da wasu matasan Arewa suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, kafin a janye shi. A can Kamaru ma Fulani Mbororo na yankin Bamenda sun shiga tsaka mai wuya: 'yan aware suna zargin su da taimakon gwamnati, an kashe su an kore musu shanu, wasu daga cikinsu kuma an same su da hannu a kisan ƙauyen Ngarbuh a Fabrairun 2020.

Hanya ta huɗu ita ce ta zargi. Duk lokacin da aka ce 'yan bindiga suna shigowa daga ƙetare, idon hukuma da na 'yan gari yakan koma kan unguwar da baƙi suke sauka. A nan tsohon tsarin zango yake da abin koyarwa. Baƙo ba ya sauka sai a hannun mai masauki, shi ne zai san daga ina ya fito, me ya kawo shi, shi ne kuma zai tsaya masa a gaban Sarkin Hausawa. Wanda ya gudo daga fari ko yaƙi a ba shi wurin kwana da jari. Wanda ya gudo da jini a hannunsa a kai shi ga hukuma da rana tsaka, kowa yana gani. Sarkin da ya ɓoye mai laifi ya jawo wa unguwa duka, wanda kuma ya ba da marar laifi don neman shiri da hukuma, ba mai sake amincewa da shi.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa saɓanin maƙwabta a kan masu tsallaka iyaka yana farawa ne daga sunan da za a kira mutum da shi, ɗan gudun hijira ko ɗan tawaye ko mai laifi, kuma doka ta ba kotu aikin tantancewa. An ga yadda Kamaru ta tsaya wa Nijeriya a 1967, da yadda Nijeriya ta ba da mutum 47 a 2018 ba tare da kotu ba, da yadda aka ɗauko Kanu a 2021. A duka biyun na baya gwamnatoci sun samu mutumin da suke nema, amma tashin hankalin ya ƙaru, kuma kaso mai yawa na kuɗin sabulun ya faɗa kan talakawan Gabas da baƙin da ke zaune cikinsu.

Ga mu ɗaliban Hausa akwai aiki a nan. Da yawa daga cikinmu za su zama masu fassara labarai a rediyo da jaridu, kuma Bahaushen Oyigbo da na titin Bida da rediyonsa yake kwana. Idan takarda ta ce ana zargi, kada mu fassara ta da an tabbatar. Idan mutum ɗan aware ne da baki, kada mu ɗora masa bindiga. Idan ƙungiya ce ta yi laifi, kada mu kira sunan ƙabila. Abin da ya biyo bayan labarin rediyon Kwatano a 1966 ya isa ya sa mai fassara ya sake duba jimlarsa kafin ya buɗe baki.